Mai Tsintar Irin Furen Kaska

Lonnie ya kashe injin yankan ciyawa don ba yadda zai yi: wata tsohuwa ce tsaye a gabansa, cikin lambatun gefen titi, a wani ƙauyen Florida. Doguwa ce, duk ta bushe, da malafar maza a kanta da takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarta. Rigar matashin kai ta rataya a wuya a matsayin jaka. Tana sunkuye kan wasu furanni masu ruwan ɗorawa, tana murje busassun kawunansu, iri yana zuba a tafinta baƙi-baƙi kamar kaska.

"Iya, aiki aka sa ni," in ji shi.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na sani, ɗan nan. Na bara ma sa shi aka yi. Wannan fure sai dausayi yake so. Dausayin kuwa ga shi can."

Ta yi nuni da haɓa. Sababbin gidaje ne reras, inda aka cike fadama da ƙasa.

Lonnie yana kallon yatsunta. Ƙila a can aka haife ta. Ƙila tana da ɗan fili a bayan ɗaki, inda take shukawa duk shekara yana ƙin kamawa.

Ta ɗaure bakin jakarta, ta matsa gefe.

"Yanke abinka. Ai sun zana furen ƙato a allon ƙofar sabuwar unguwar. Wancan ba ruwansa da dausayi."