Kunyar Ɗan Fari a Cikin Kogon Ruwa

Malam Edita, a shekarun da Nasara suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Zariya, ni mahaƙin rijiya ne a Tudun Wada, lokacin unguwar ba ta wuce 'yan gidaje da dangar kara ba. Ina da ƙarfi, ina kuma da girman kai, irin mutumin nan da ya fi tsoron bakin mutane a kan tsoron rami. Ɗana na fari ya zama saurayi, yana bina wurin aiki. Kamar kowane uba na zamaninmu, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa nuna na damu da shi a gaban jama'a ba.

Wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyoyi suka ƙafe. Wani maharbi ya ce akwai kogo a duwatsun yamma da gari, ana jin ruwa yana gudu a cikinsa. Mai unguwa ya ce mu je mu gano inda ruwan ya nufa, ko a haƙa a kan hanyarsa. Muka tafi da hantsi, ni da maharbin da abokan aikina da yaron. Da rarrafe muka shiga, warin kashin jemage ya cika mana hanci, sannan muka faɗa ruwa mai sanyi har ƙirji, ga ƙara kamar ana ruwan sama a kan kwano. Muka bi shi har inda ya shige ƙarƙashin dutse, muka juyo. Sauran suna gaba, ni ina biye riƙe da fitilar man kaɗe, yaron yana bayana.

A wata kwana na lura ba ya tare da ni. Na tsaya, na juya, na ɗaga fitila, babu komai sai duhu. Wallahi sunansa ya zo har bakina. Amma abokan aikina mutane ne masu tsiya. Na hango su gobe a bakin rijiya suna kwaikwayon muryata, wai na ruɗe a kan ɗan fari. Sai na ce wa kaina ai ba jariri ba ne, zai taho, wani ma zai tambaya. Na ci gaba da tafiya.

Ba wanda ya tambaya sai da muka fito sarari. Maharbin ya ce ina yaron, na ce yana tafe. Sai ya fizge fitilar daga hannuna ya koma. Ya sami yaron ƙafarsa ta maƙale a tsagin dutse, ruwa har haɓa, ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ƙarar ruwa ta danne. Garin kokawar fita ƙashin ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ba ta koma daidai ba.

Yaron bai taɓa yi mini maganar ba. Uwarsa ya gaya wa, ita ta gaya mini bayan shekaru, cewa ya ga hasken fitilata ya tsaya, ya ga ya juyo, har ya yi hamdala, sannan ya ga ya wuce.

Ina jin kunyar wannan fiye da duk wadda na guje wa a ranar. Iyaye 'yan'uwana, kara abu ne mai kyau, amma ba a inda rai yake hannun ruwa ba. In hankalinka bai kwanta ba, buɗe baki ka kira ɗanka, kowa ya yi dariyarsa. Ni na ƙi kiran sunan nawa sau ɗaya, yau ga shi da furfura, duk Tudun Wada ba mai kiransa da shi. Gurgu suke ce masa.