Surukar da Ta Tare Mini Ƙofa

Shekara tara ke nan cif da muka kai Inna Mariyama makwancinta a nan Tamanrasset. Wasu za su yi mamakin ganin ni ne nake tuna ta a jarida, tunda ba ita ta haife ni ba, kuma 'yar ƙanwarta da na aura mun rabu tun Inna na da rai. To, aure ne ya mutu. Abin da matar nan ta yi mini bai mutu ba.

'Yar Damagaram ce kamar ni. A unguwar Tahaggart take zaune, tana sayar wa leburorin gini dambu da zogale, kuma ba ta da haƙuri da shirme ko kaɗan. Ita ta riƙe Hassana, matata ta lokacin, tun tana budurwa. Shekara shida ina surukinta, ban taɓa kallon tsakar idonta ba, ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. Sai dai ta ce "mai butik", saboda ɗan shagona na unguwar Sersouf.

Da muka rabu da Hassana, 'yarmu Zulai na da shekara biyar. Ni mutum ne mai murya, in raina ya ɓaci har maƙwabta sai sun sani. Hassana kuwa da na ɗaga murya sai ta yi gum, ta ja yarinya ɗaki ta sa sakata. Duk lokacin da na ji ƙarar sakatar nan sai zuciyata ta ce mini: shi ke nan, za a raba ka da 'yarka. Na ce bari in riga su. Ai kowa ya san 'ya'ya na uba ne. Na shirya da wani direba ya kai Zulai wajen yayata a Damagaram, ban gaya wa kowa ba.

Ranar tafiya na isa ƙofar gidan Inna, inda Hassana ta koma da Zulai, da hantsi, na kira yarinyar, na ce ta zo mu je kasuwa in saya mata takalmi. Ta fito da gudu tana murna. Sai ga Inna a bayanta, ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ta. Ashe matar direban ta riga ta tsegunta mata.

"Sani," ta ce. Ranar na fara jin sunana a bakinta. "Wannan maganar ta takalmi ba taka ba ce. Wa ya taɓa faɗa maka ita?"

Baffana ne ya faɗa mini ita, ina ɗan shekara shida, bayan babana ya saki uwata. Takalmin kam an saya. Uwata ce ban sake gani ba sai da na yi gemu, kuma ranar sai da aka nuna mini ita a cikin mata. Shekara da shekaru ban gaya wa kowa wannan ba, sai ga shi na kwaso kalmomin baffana ɗaya bayan ɗaya na kawo wa 'yata. Na tsuguna a gindin bango na yi kuka, ƙato da ni, leburori na wucewa da kwanukansu.

Inna ba ta rarrashe ni ba. Ta tura Zulai maƙwabta, ta shimfiɗa tabarma, ta kira Hassana, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan na fara jin cewa a gidan su Hassana, in uba ya ɗaga murya duka ne ke biyo baya, kuma ita ce ke jan ƙannenta ɗaki ta sa sakata. Ni ban taɓa ɗaga mata hannu ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ita tana gudun ubanta, ni ina gudun baffana, yarinya kuwa tana tsakiya.

Inna ba ta nemi mayar da aure ba, ta ce wannan ruwanmu ne. Dokoki ta kafa. In zan yi magana da Hassana sai a zaune, don a cewarta muryata a ƙafafuna take. Hassana kuma ba ta da izinin yin shiru, ko da "na ji, gobe zan ba ka amsa" ne sai ta faɗa. Babbar dokar ita ce ba a yi wa Zulai ƙarya game da inda za ta. Duk Alhamis in na zo ɗaukarta, Inna kan ƙulle mata dabino uku a bakin ɗankwali, ta ce ta ci ɗaya kowace safiya, in sun ƙare Baba zai dawo da ita. Makon farko ta cinye ukun tun kafin mu kai Sersouf, ta ce to a mayar da ita. Na mayar da ita kuwa, ina ta ƙunƙuni a hanya. Inna ta ce wannan ne karo na farko da na yi abin hankali.

Shekara uku muka yi a haka kafin ciwo ya kwantar da Inna. Ba zan ce kullum lafiya ba. Na sha miƙewa tsaye a tsakiyar magana, ta nuna mini tabarma da ludayi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi tsaki in ta ji Larabcin Zulai ya fi Hausarta gudu. Za ta yi mana dariya da ta ga yanzu ta waya muke shawara da Hassana, kuma har yau in zan aika mata saƙon murya sai na jawo kujera, matata ta yanzu tana mini tsiya. Hassana ma ta yi aure, mijinta mutumin kirki ne, a butik ɗina yake sayen shayi. Ranar da aka kira iyaye a lekkol, wato makarantar Zulai, mu biyu muka je, muka zauna a benci ɗaya, malamin bai ma gane ba ma tare ba. Ina jin wannan zai yi wa Inna daɗi, ko da yake ba za ta nuna ba.

Ba ta bar wa kowa gida ba, na haya ne. Tukunyar dambunta ma wata maƙwabciya ce ta gaje ta. Da na auna abin da ya rage nata a duniya, sai na ga yana yawo da ƙafafunsa, shekararsa goma sha bakwai, yana yi mini gardama a kan komai.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi wa Inna sadaka, na tambayi Zulai abin da take tunawa game da Inna. Ta yi ɗan tunani, ta ce tana da faɗa, kuma dambunta ya cika yaji. Sannan ta ba ni labarin wata ƙawarta da iyayenta suka rabu, aka kai ta Maraɗi, shekara huɗu ba ta ga uwarta ba.

"Baba, wai dama ana yin haka?" ta ce. "Wane irin uba ne wannan?"

Na ce mata ana yi. Na ce ta zauna, akwai labarin da ya kamata ta ji daga bakina.

Allah ya jiƙan Inna Mariyama, ya sa ta huta.