Ƙurar da Ta Cinye Dandalinmu

Washegarin Sallar Layya, shekarar da nake aji biyar, Inna ta aza mini kwandon hoce, gurasarmu ta dawa, a ka, ita ta ɗauki tandar waina, muka nufi dandali rana na shirin faɗuwa. Ƙanena Sanusi, wanda bai daɗe da yaye ba, yana goye a bayanta yana tsotsar ƙashin rago. Tun kafin mu kai gindin tsamiya muka jiyo kalangu, hayaƙin tsire kuma ya tare hanya. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a ƙasar Anka, amma ran nan ko birni aka ba ni, da ban karɓa ba.

Duk wani abin daɗi na garin a dandalin nan yake. Da rana matan Fulani ke zama da ƙoren nono, da yamma Inna da masu ƙosai su karɓi wurin. Daga gabas katangar Gwaggo Tumba ce, ƙanwar kakata, wadda ke yi wa bango ado da farar ƙasa da ja. Kowace damina ruwa ya wanke, kowace kaka ta sake: zabbi a jere, wata da tauraro, raƙumi mai wuya kamar tabarya. Amare daga wasu ƙauyuka sukan zo su zaɓi wanda za ta zana musu a ɗaki. Bayan isha'i mu 'yan mata mu kafa gaɗa, maza su yi langa har su faɗa kan tabarmar tsofaffi a kore su. Surfe, ɗiban ruwa, tsinkar wake a gona, duk da gudu muke yi, don Inna takan ce, "Wadda ba ta ƙare aiki ba, ba ta ganin dandali."

Kafin wata Sallar ta zagayo, zinari ya bayyana a dajinmu. Baƙi suka cika gari, mazanmu suka ajiye fartanya suka shiga rami. Da farko a cikin gida ake dakan dutsen zinarin, a turmin da muke surfa gero. Da aka kawo injin niƙa, sai manyan gari suka ce a kafa shi gindin tsamiya, wai can ne inuwa, ga rijiya kusa. Gwaggo Tumba ta dogara sanda ta same su. "Ku kai shi bayan gari," in ji ta. "Nan yara ka wasa, nan mutane ka cin abinci." Wani ya ce, "Tsohuwa, zanen naki za mu ci?" Aka fashe da dariya. Ina tsaye da tulu a ka, na ga Babanmu yana cikin masu dariyar.

Ƙura ta sauka a kan komai. Katangar Gwaggo ta koma toka-toka, ƙarar inji ta danne kalangu har makaɗin ya tattara ya bar garin. Inna takan hure ƙurar daga kan waina ta miƙa wa mai saye, ta gutsura wa Sanusi. Shi kuwa ya sami wurin wasa, tulin garin dutse mai laushi, yana dumbuza yana kaiwa baki. Wata safiya ya fara shure-shure, idanunsa suka kafe. Aka ce iska ne, aka yi turare, aka ba shi rubutu. Da abin ya ƙi, Baba ya ɗauki Inna da shi a babur zuwa Anka. A hanya ya cika, a hannunta.

Ba shi kaɗai ba ne. Sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa sannan likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Aka kankare ƙasar gidajenmu da ta dandali, aka kwashe. Inna ta kife tandarta, ba ta sake toya waina ba har ta bar duniya. Baba kuwa ana gama zaman makoki ya koma rami, ya ce da me zai ciyar da mu. Na san bai san akwai guba ba, babu wanda ya sani. Amma an ce musu wurin yara ne, suka yi dariya. Wannan dariyar ce ta ƙi wuce mini a wuya.

Yau aure ya kawo ni babban birni. Ƙawayena sukan ja ni gidajen cin abinci da wuraren shaƙatawa masu fitilu, su nuna mini shagunan sarƙa da 'yan kunne na zinari suna ƙyalli a gilashi, ni kuwa sai in kau da kai. A can gida, magariba na yi kowa ya kulle ƙofa saboda 'yan bindiga, kuma 'ya'yan ƙannena ba su san waƙar gaɗa ko ɗaya ba. In na tayar da maganar, sai a ce mini talauci ne ya ja. To, da talaucin nan muke waƙa kafin zinari ya zo.