Takardar da Ba Ta Yi Damina Ba

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Alhassan magini. Sau uku na ƙirga, gudun kuskure. Allah Ya jiƙansa.

A zamanin Turawa aka ba shi aikin ɗakunan kwanan ɗalibai a nan Haɗeja, don yaran da ake kawowa daga Auyo da Malam Madori. Da tabarma ya auna: kowane ɗaki tabarma biyu da wurin sallah, alkuki a bango don littattafai, taga na kallon taga don iska. Amma da Baturen ayyuka ya nuna masa wani shimfiɗaɗɗen fili kusa da kogi, sai ya ƙi haƙa harsashi, ya ce sai damina ta wuce. Bature ya yi ta kaɗa takardar zane, ya ce za a ba wani aikin.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "takardar nan ba ta taɓa yin damina a Haɗeja ba."

Da ruwa ya cika, kwalekwale ya bi ta kan filin. Aka mayar da ginin tudu.

Ba yabo kaɗai ya sa ni wannan waiwaye ba, haushi ke cina. Ɗana Sabi'u ya sayi fili a bakin fadama, zai jera ɗakunan haya na ɗalibai. Da rani ya saya. Na je na tona da sandata, sai ga ɓawon katantanwa, alamar ruwa na kwanciya a wurin. Na kai masa, ya yi dariya, ya ce injiniya ya riga ya auna, kuma ni ko ƙofa na rufe sai na koma na duba. Gaskiya ne, ina komawa. Na ce ya jira damina ɗaya, ya ce kuɗin siminti ba ya jiran kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma masu kwana a can 'ya'yan mutane ne, baƙi, ba su san ta inda ruwa ke shigowa ba.

Da Baba na raye, ba zai yi ta bin Sabi'u da magiya kamar ni ba. Zama zai yi a filin, ya ga mai tayar da shi. Ɗakunansa sun daɗe da rushewa, sunansa ma ba mai tunawa. Idonsa ya bar mini, bai haɗa mini da kwarjininsa ba.

Ranar Alhamis za a kawo bulo. Na sa a kai mini kujera filin.