Ramatu Mai Dakau da Yarinyar da Ke Ɓoye Tuwo

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Kalley ta Yamai ya san tabaryar Ramatu. Ana sallame asuba za ka ji ta. Mata su kawo hatsi a ƙwarya, ta surfa, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe, ta miƙa musu gari, sannan ta ja turmi inuwa ta kama na gaba. Shekara talatin a haka. Yanzu kafaɗa ta ƙi, ta jingine tabarya, kuma cikin waɗanda suka ci tuwon hannunta ba wanda ya ce mata ko sannu. To ni Hajiya Tabawa, mai gidan da take zaune, zan ce. Ba na cin bashi in kwanta a kai, ko na godiya ne. Amma ku sani, ba wanda ya taɓa ƙona mini rai kamar matar nan.

Shekarar babban fari, da soja suka hau mulki, mutanen karkara suka cika Yamai. Ramatu ta je Babbar Kasuwa ta tarar da wata yarinya tana tsintar ƙwayar hatsi cikin ƙasa, ƙarƙashin buhunan mutane. Sunanta Tsahara, daga Adar, shekararta goma sha huɗu, uwarta ta rasu a hanya. Ramatu ta riƙo hannunta har gida.

Na ce, "Ke Ramatu, tukunya ɗaya muka haɗa duk gidan nan don kar mu mutu. Kin ƙaro mana baki?"

Ta ce, "Hajiya, ɗan baki ne."

Yarinyar ba ta gaisuwa, ba ta kallon ido, ba ta sa hannu a kwano da kowa. In an ba ta tuwo sai ta ƙulle a gefen zane ta shige ɗaki. Kwana biyar ɗakin ya fara tsami. Aka ɗaga tabarma, ga tuwo nan, ga ƙanzo, har da guntun ƙosan da aka nema aka rasa. Isaka tela, wanda ke ɗakin zaure, ya ce, "Gafiya kika kawo mana, Ramatu!"

Kowa ya ce a daka ta. Ramatu ta tsugunna ta zaɓe wanda bai lalace ba, ta yi ɗumame, ta ci a gaban yarinyar, ta ce, "Madalla, Tsahara, kin ajiye mana kalaci." Ta kuma ajiye mata ƙwarya da faifai, wai in za ta ɓoye ta ɓoye a nan saboda tururuwa. Kun ji fa. Ɓarawo a ba shi jaka!

Bai ishe ta ba. Ranar girkinta ta tuƙa tuwo ta sauke, ta ɗauki mara ta miƙa wa yarinyar, ta ce ita za ta kwashe wa kowa. Mara fa! Abin da ba a ba amarya sai ta kwana biyu a gida. Tsahara ta kwashe mana malmala kamar ƙwan zabo, rabin tukunya ta kai ɗaki. Isaka ya dubi kwanonsa ya ce, "An ga wata ne ba a faɗa mini ba?" Ramatu ta juye masa nata, ta kwana da ruwa. Sati uku ana haka, ga dakau tana yi da cikin da ba komai.

Na kira Ramatu gefe. Ta ce, "Hajiya, ba rowa ba ce. Yarinyar nan ba ta yarda gobe za ta zo da abinci ba. In na karɓe mara, na gaya mata gaskiyarta ke nan."

Na ce, "Ni ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba, amma na san ba a ba kura ajiyar nama. Ran Alhamis soji za su kawo kamiyo, babbar motar kaya, su mai da 'yan gudun fari garuruwansu. Ko ta hau, ko ku bar mini gida ku biyu."

Yarinyar na bayan ƙofa, ta ji komai.

Alhamis da safe ta ɗaure ɗan ƙunshinta ta zauna. Ramatu ba ta roƙe ni ba, ba ta lallashe ta ba. Ta kwance makullin ɗakin hatsi daga wuyanta ta rataya wa yarinyar, ta ce, "Zan je wani dakau Gamkale. Ki auni tiya biyu ki tuƙa. Kar na dawo na tarar ba a ci ba." Ta fita, ta bar ni da baki buɗe. Hatsin gida duka a wuyan wadda na kora, ga kamiyo na jira a bakin titi!

Ke ce mai taurin kan da ya fi na turmi, Ramatu. Ke ce kika sa rayukanmu cikin ƙwarya ɗaya kika miƙa wa 'yar da ba ta taɓa ce miki sannu ba.

Kamiyo ya yi ta oda har ya tashi. Da azahar Ramatu ta dawo, ta tarar an kwashe wa kowa malmala cike da kwano, tukunya an kankare ta tas. Tsahara na zaune bakin tabarma da kwanonsu su biyu, ba ta taɓa ba, tana jiranta.

Na ce, "Ke, ba ki ajiye na gobe ba?"

Ta ɗago ta dube ni, ran nan na fara ganin ƙwayar idonta. Ta ce, "Inna za ta daka."

Ramatu ta juya wai hayaƙi ya shiga mata ido, alhali wuta ta daɗe da mutuwa. Maganar barin gida kuwa ban sake tada ta ba, ba kuma wanda ya tuna mini.

Yau Tsahara na da ɗakinta da 'ya'ya uku a Bukoki, kuma ita ke shafa wa Ramatu man kaɗe a kafaɗa.

Na gode, Ramatu. Na yi kuskure, kin yi daidai, na faɗa sau ɗaya kuma ba zan maimaita ba. Ku kuwa masu 'ya'yan riƙo a gidajenku, kuna kulle musu kwano kuna cewa ba su da godiya, ku je ku ga yadda ake yi. Ku je yanzu tana raye. Kar ku bari sai ta mutu ku zo kuna cika mini gida da kuka.