Sawun da Ya Mutu a Bakin Titi

Daudu mai bin sawu, Allah Ya jiƙansa, mutumin Wagini ne. Bai haihu ba, matarsa Hansai kuma ta rasu tun shekarar da Turawa suka tafi. Wanda ya rage masa a duniya shi ne Yero, Bafillacen da rugarsa ke bayan gari. Kullum da la'asar suna tare, suna tsokanar juna, wannan ya ce Kaɗo, wancan ya ce ɗan Fillo.

A wancan zamani in an saci dabba, Daudu ake kira. Sai ya duƙa ya bi sawu har inda ya ƙare. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: wanda sawu ya mutu a gonarsa, shi zai fid da shi, ya nuna inda ya wuce. In ya kasa, 'yan doka su kai shi gaban alƙali. Shi ya sa duk ƙauyen da Daudu ya shiga, jama'a kan fito su taya shi dubawa.

Ana nan sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Aka yi titi, manyan motoci suka fara kwasar shanu zuwa kudu. 'Yan doka kuma aka haɗe su da 'yan sandan gwamnati.

Wata safiya bayan kaka Yero ya zo ko hula babu.

"Kaɗo, tashi. Sun kwashe mini bijimai."

Suka bi sawu ta wajen Safana, mutane na biye da su. Sawun ya ratsa gonar gyaɗar wani talaka mai suna Sada, ya kai bakin titi, ya tsaya. Daudu ya ga inda shanun suka turje, da shatin katakon da aka hau da su mota, da baƙin man mota a ƙasa. Daga nan babu komai.

Aka kira wani kofur daga Safana, ya zo a kan keke. Baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba.

"Baba, mota ta bar jiha, ba mu da iko can," in ji shi. "Amma in ka ce wannan mutum ne, yanzu na tafi da shi."

Sada ya durƙusa. "Baba Daudu, wallahi tallahi haka na zo na tarar."

"Ga gona, ga mai gona," Yero ya ce. "Faɗi mana, Kaɗo. Tun kana saurayi haka kake yi."

Daudu ya san in ya kira sunan Sada, zuciyar Yero za ta yi sanyi, shi kuma Sada sai gidan yari. Ya sake duƙawa, ya daɗe yana shafa ƙasa.

"Ba a gonarsa ya mutu ba. A kan titi ya mutu. Kofur, titin nan na wa ne?"

"Na gwamnati."

"To gwamnati ta fid da shi."

Kofur ya bushe da dariya, jama'a suka taya shi. Yero bai yi dariya ba. Ya dubi Daudu ya ce, "Na gode, Malam Daudu." Tun da suke bai taɓa kiransa haka ba.

Daga ranar Yero bai ƙara zuwa ba. Masu dabbobi ma suka daina kiran Daudu, wai ido ya tsufa.

Da rani ya yi nisa, a kasuwar Batsari Daudu ya ji cewa Yero ya tashi. Ya tafi rugar ya tarar da bukkoki a buɗe, toka ta huce. Sawun garken ga shi nan a fili ya nufi kudu, ko makaho ya bi shi. Daudu ya bi har bakin rafi. Nan ya tona yashi ya sami ruwa, ya yi alwala, ya yi sallar la'asar shi kaɗai, sannan ya juyo gida.