Baturen da Yake Zubar da Ciyawa

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin tafinta, akwai wata Juma'a a Simsim, wani yankin noma a jihar Gadarif, da ba ta taɓa fita raina ba. Ina ba ku labarinta, ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, domin har yau idan aka tambaye ni ko abin da na yi a ranar ya yi daidai, sai in ce ban sani ba.

A lokacin, kafin yaƙin nan ya tarwatsa abubuwa da yawa, ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Gadarif. Aka ba da arona ga wani ofishin wayar da kan manoma, a matsayin gwaji na damina ɗaya. Tsarin aikin shi ne mu ɗauki majigi da janareta a mota, mu je kambo, wato sansanin da leburorin gona suke zama, mu nuna gajeren fim kan yadda ake fesa maganin ƙwari ba tare da mutum ya cutar da kansa ba. Bayansa a sa fim na nishaɗi, don kada gobe a ce majigi ya zo, mutane su ƙi fitowa. Ni ke riƙe da makirufo, ina juya maganar zuwa Hausa. Idan na ci gwajin, in zama tafintan ofishin na dindindin. Idan na faɗi, in koma rediyo ina karanta sanarwar ɓatan awaki.

Wanda zai yanke wannan hukunci shi ne Ustaz Babikir, mataimakin shugaban ofishin. Yana jin Larabci da Turanci, ba ya jin Hausa. A ranar ya biyo mu da kansa, kuma ya zo da fim ɗin da ya zaɓa: wani tsohon wasan barkwanci na Ingila, baƙi da fari, da aka yi jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu. Tun yana ɗalibi a Khartum yake ƙaunarsa. A mota ya ce mini, "Ya Idris, wannan fim ko dutse ya gani sai ya yi dariya. Idan ba su yi ba, to daga bakinka ne."

A shekarar ruwa ya yi jinkiri. Taraktoci sun shuka dawa, sama ta ɗauke, baƙar ƙasar ta tsattsage. Mutanen kambon sun zo aikin cire ciyawa ne, ga shi babu ciyawar da za a cire, saboda haka suna zaune kawai. Bayan an sauko daga masallaci muka tara su a wani sito na dawa da babu komai a cikinsa, aka toshe tagogi da buhuna, wuri ya yi duhu.

Labarin fim ɗin mai sauƙi ne. Wani tsohon soja mai gashin baki yana shirin liyafar shayi a filin gidansa don magajin gari, maƙwabcinsa kuma yana son ta lalace. Ba sa ƙaunar juna, amma ba sa zagi a fili. Duk baƙar maganarsu a naɗe take cikin ladabi, kuma nan ne dariyar take.

A rediyo an koya mana doka ɗaya: kada ka ƙara, kada ka rage. Na bi ta. Maƙwabcin ya ce, "Wannan hula taka ta yi kyau, kakana ma da irinta aka san shi." Na faɗa da Hausa. Ustaz Babikir ya fashe da dariya shi kaɗai. Daga cikin duhu na ji wani ya ce, "Madalla. Ya haɗa shi da kakansa, ya girmama shi."

Haka aka ci gaba. Duk inda Ustaz ya yi dariya, mutane sai su gyaɗa kai. Can ya daina dariyar, ya matso kusa da kunnena.

"Kana fassarawa kuwa?"

"Ban bar komai ba, Ustaz."

"To me ya sa suke zaune kamar ana wa'azi?"

Gumi ya jiƙa mini riga. Na yi tunanin karya dokar in ƙara wani abu, amma ban san abin da zan ƙara ba.

Sai aka zo wani wuri da babu magana, na sauke makirufo. Sojan ne kawai yake tura wani ɗan inji a filinsa, yana yanke ciyawa. Nan Baba Sale, dattijon da ke shugabantar kambon, wanda iyayensa makiyaya ne, ya ɗaga sandarsa har inuwarta ta fito a jikin allo.

"Malam, a ɗan tsaya."

Mai kula da majigi ya tsayar.

"Wannan fili, me aka shuka a ciki?"

"Ciyawa ce, Baba."

"Na ga ciyawa, idona bai mutu ba. Me aka shuka a ƙarƙashinta?"

"Ita ɗin aka shuka."

Baba Sale ya sauke sandarsa.

"Shanunsa nawa?"

"Ba shi da shanu."

"Tumaki fa?"

"Ban ga ko kaza ba, Baba."

"To wa zai ci?"

Na ce a ci gaba mu gani. Hoto ya motsa, sojan ya kwashi ciyawar a baro, ya kai bayan katanga, ya zubar, ya karkaɗe hannuwansa cikin gamsuwa.

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Sito ya ɗauka har kwanon rufi yana amsawa. Isiyaka, direban tarakta, ya miƙe yana riƙe da ciki. "Ya shuka, ya yi reno, ya yanke, ya zubar! Jama'a, a kai mu can! Ga aikin da ba ya ƙarewa!" Wani ya ce masa, "Kai da ba ka iya gama kunya ɗaya ba, ya zol?" Wato "kai mutumin nan", a Larabcin can. Aka sake kecewa.

Ustaz ya riƙe hannuna. "Me ka ce musu?"

"Tambaya suka yi, na amsa."

"Ai nan ba wurin dariya ba ne. Babu komai a nan. Mutum ne yake gyara filinsa."

Na bayyana masa. Ya saurara da kyau, ya ce in maimaita, na maimaita. Fuskarsa ba ta canja ba.

Daga nan aka zo ƙarshen fim, wurin da ya yi ta ba ni labarinsa a mota. An jera kujeru, magajin gari ya iso, sai ruwa ya kece. Manyan mutane suna zamewa a laka, iska ta tafi da rumfa, mata suna gudu da faranti a ka. Ustaz ya zungure ni, wato ga shi nan.

Babu wanda ya yi dariya. Ƙarar ruwan ta cika siton daga lasifika, har na ga wasu sun ɗaga kai suna duban kwano. Baba Sale ya ce a hankali, "Masha Allah." Wani a gefena ya buɗe tafukansa.

Sojan ya dunƙule hannu ya nuna sama, ya ce ruwan nan ya lalata masa komai. Na ɗan yi jinkiri, sannan na fassara yadda ya faɗa. Aka yi ta "Subhanallahi" ƙasa-ƙasa. Baba Sale ya ce, "A yi masa uzuri. Wanda ya shuka ciyawa ya zubar, ba a kama shi da laifin magana." Sannan ya juyo wajena. "Malam, a maido mana ruwan. A ƙara sauti. Kai kuma ka huta, wannan muna jin yarensa."

Aka maido. Na zauna da makirufo a cinya, ina kallon mutane suna sauraren ruwan da ya sauka a wata ƙasa tun ba a haifi yawancinsu ba.

Da aka buɗe ƙofa, Ustaz ya je wajen Baba Sale ya tambaye shi da Larabci ko fim ya yi daɗi.

"Tamam, ya Ustaz. Maƙwabta masu mutunci, ba mu ji sun ɗaga wa juna murya ba. Allah ya ba su ƙasa da ruwa, sai dai ba su san abin da za su yi da su ba. A sake kawo mana shi."

A hanyarmu ta komawa Gadarif, Ustaz ya juyo wajena.

"Ya Idris, fim ɗaya muka kalla da mutanen nan kuwa?"

"Wallahi ban sani ba, Ustaz."

Ya kalli gonaki ta taga. "Inda na yi dariya sun yi shiru. Inda babu komai sun kusa rushe sito. Amma ko mutum ɗaya bai fita ba, kuma sun ce a dawo." Ya numfasa. "Zan rubuta cewa ka ci. Kada ka tambaye ni dalili, don idan shugaba ya tambaye ni, nima ban san abin da zan ce masa ba."

Haka na sami aikin da na yi ta yi har na fara furfura. Abin da ranar ta koya mini shi ne, tafinta yana da iko da kalmomin da suka fita bakinsa, amma ba shi da iko da abin da mutum ya shigo da shi cikin ɗaki. Ustaz ya shigo da ƙuruciyarsa ta Khartum, su kuma sun shigo da gonar da take jiran ruwa. Saboda haka idan kuka je kambo, ku faɗi abin da aka faɗa, ku amsa abin da aka tambaya, idan kuma dattijo ya ce ku huta, ku sauke makirufo.